Matan Zuni da Iyakar Abin da Ake Zanawa

Duk wanda ya bi kundayen gidajen tarihi da shafukan dillalan kayan fasaha na Amurka yana neman masu zanen ƙabilar Zuni, sunayen maza zai yi ta cin karo da su: Alex Seowtewa, Duane Dishta, Percy Sandy, Teddy Weahkee. Idan aka zo kan mata, bayanin da ake yawan bayarwa shi ne wai sun makara wajen shiga harkar zane, kuma ko da suka shigo a gefe-gefe suka tsaya, ba su taɓa ainihin al'adar ba. Ainihin al'ada a wurin masu wannan magana shi ne kokko, wato halittun ibadar Zuni da ke fitowa rawa a dandalin gari cikin shiga ta musamman.

Wannan bayani yana ɓata mini rai, domin kuskure biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya. Matan Zuni suna zane tun kafin takarda da fentin kanti su iso garinsu, a jikin tulu da kwanon ƙasa suke yi. Abin da kuma mai zane ta bari ba ta zana ba, sau da yawa da saninta ta bari, saboda al'ummarta na da haƙƙin cewa wannan a nuna wa duniya, wancan a bar shi a gida. Ina goyon bayan wannan haƙƙi, duk da cewa yana da tsada, kuma mata ne suka fi biyan tsadar.

Zuni, waɗanda ke kiran kansu A:shiwi, 'yan asalin ƙasar Amurka ne da ke zaune a yammacin jihar New Mexico, kudu da garin Gallup. Harshensu bai haɗa dangi da wani harshe da aka sani ba. Zuriya ta wajen uwa ake binta, gida na mata ne, miji ne ke tarewa a gidan matarsa.

Tulu ma allon zane ne

Masu cewa ginin tukwane sana'ar hannu ce kawai, zane kuwa fasaha, ba su taɓa bin aikin daki-daki ba.

Maginiyar Zuni tana haƙo yumɓu daga tsaunukan da ke kewaye da gari, tana barin garin masara a wurin tare da addu'a. Ta shanya shi, ta jiƙa, ta tace, sannan ta niƙa tsingaron tsofaffin tukwane ta cuɗa a ciki don kada tulun ya tsage wajen bushewa da gashi. Da hannu take ɗora ginin, zobe kan zobe, ta kankare da sakaina. Gindin tulun a lotse yake don ya zauna daram a kan mai ɗaukar ruwa. Bayan ya bushe sai ta shafe shi da farar ƙasa mai ruwa-ruwa, shafi bayan shafi, ta goge da dutse mai santsi tun da sauran danshi. Wannan farin shafi shi ne allonta.

Launukanta biyu ne a kan farin. Baƙin, wanda ke fitowa da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, daga dutse mai sinadarin ƙarfe ake niƙo shi, a haɗa da danƙon wani ganyen daji da ake tafasawa sa'o'i da yawa har ya koma baƙin kauri kamar kwalta, a busar a ajiye, ya yi shekaru bai lalace ba. Gwaninta tana wajen haɗin. Idan danƙon ya yi kaɗan, zanen zai goge a yatsa bayan an gasa. Idan ya yi yawa, zai ɓamɓare. Jan kuma rawayar ƙasa ce wadda wuta ke mayarwa ja, don haka mai zane ba ta ganin launin da za ta samu a lokacin da take shafawa. Burushinta ganyen yuka ne, wani tsiron hamada mai dogon ganye mai zare, a yanki tsinke a tauna bakinsa har zaren ya fito, a rage zaren gwargwadon kaurin layin da ake so.

Ɗanyar farar ƙasa tana shanye fenti nan take. Babu gogewa. Layin da ya karkace sai dai a kankare wurin a sake shafi, kuma tabon kan nuna bayan gashi. Ko maiƙon yatsa ya taɓa wuri, fenti ba zai kama da kyau ba. Ga shi allon ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a zagaye yake, yana faɗi a ciki yana tsukewa a wuya, kuma dole zanen ya zagayo ya haɗu da inda ya faro ba tare da wani sashe ya matse ba. Lokacin da mai binciken al'adu Ruth Bunzel ta zauna da maginan Zuni daga 1924, sun gaya mata cewa sukan ga zanen gaba ɗaya a zuci kafin su ɗora burushi, sukan auna fili da yatsu, wasu ma a mafarki zanen ke zo musu.

Daga nan sai wuta ta yanke hukunci. Ana ɗumama tulun tukuna, a kife shi, a kare shi da manyan tsingaro ko gwangwani don kada makamashi ya taɓa shi, a jera busasshen kashin tumaki a rufe shi ruf. Da safe ake yi, ranar da babu iska. Zafin bai kai digiri 1,000 ba. Inda kashin ya faɗo ya jingina da tulun, baƙin tabo zai rufe zanen. Iska mai sanyi ta buso, tsagewa. Sauran danshi ko iskar da ta maƙale a cikin ginin, fashewa. Aikin makonni yana iya tafiya cikin sa'a ɗaya.

Me ake zanawa bayan duk wannan wahala? Barewa a tsaye cikin wani baka da ake kira gidanta, da jan layi daga bakinta zuwa zuciya, hanyar numfashin rai. Tsuntsun ruwan sama mai nannaɗaɗɗen baki. Babban fure mai zagaye da ke raba fili da fili. A kwanon garin masarar addu'a kuma, wanda bakinsa ke hawa-hawa kamar matakalar gajimare, kwaɗi ne da talibambam da mazari, duk halittun da ke bin ruwa. A ƙasar da ruwan sama ya yi ƙaranci, wannan roƙon ruwa ne aka rubuta da fenti. Layin da ke zagaye kafaɗar tulun ma ba a rufe shi, ana barin 'yar ƙofa, domin ana ɗaukarsa hanyar rayuwar maginiyar. Wanda ya ce babu addini da al'ada a nan, bai san abin da yake kallo ba.

Dalilin da ya sa ba a san sunayen waɗannan mata ba a bayyane yake. Daga 1879 ayarin James Stevenson ya kwashi dubban tukwane daga Zuni zuwa cibiyar Smithsonian a Washington, ana rubuta sunan gari da girman tulu, ba a rubuta sunan wadda ta yi. Kaɗan ne irin su Tsayutitsa suka tsira da sunansu. Da bokitin ƙarfe ya shigo, sana'ar azurfa kuma ta fi kawo kuɗi, ginin tukwane ya kusa mutuwa. Mata ne suka tashe shi. Daisy Hooee, jikar fitacciyar maginiya Nampeyo ta ƙasar Hopi, wadda aure ya kawo Zuni, ta koyar da shi a makarantar sakandaren garin a shekarun 1960. Jennie Laate 'yar ƙabilar Acoma ta gaje ta. Josephine Nahohai ta samu tallafi a tsakiyar shekarun 1980 don koyar da tsohon salo, ita da 'ya'yanta suka koma kan tsofaffin tukwanen da ke gidajen tarihi suna nazarin zanen kakanninsu.

"Ai maza ne suka hana su"

Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba zan yi kamar babu gaskiya a cikinta ba.

Ɗakunan ibada shida ne a Zuni, kuma yara maza ake shigarwa ƙungiyar kokko. Macen da aka shigar ba ta da yawa. Saboda haka sanin shigar kowane kokko, launinsa, gashin tsuntsun da yake sawa, lokacin fitowarsa, a hannun maza yake, shi ya sa mafi yawan zanen kokko daga maza yake fitowa. Mai suka zai ce: to ga shi nan, malaman addini maza sun kewaye abin da ya fi daraja, sun bar wa mata tulu da tanderu.

Tarihin maƙwabta ya nuna cewa ana iya amfani da iyaka a danne mace. Tonita Peña, wadda ta rayu a Cochiti ta rasu a 1949, ta sha suka daga mutanen garinta saboda tana zana raye-rayen gargajiya tana sayarwa. Pablita Velarde ta Santa Clara ta ji maganganu iri-iri cewa zane a takarda aikin maza ne, duk da haka ta yi wa wurin tarihi na Bandelier zane fiye da 70 na rayuwar mutanenta daga 1939. Wanda ya ce wa mace kada ta riƙe burushi don ita mace ce, zalunci ya yi, ko da wane suna ya kira shi.

Amma a duba yadda rigimar Tonita ta ƙare. Mijinta Epitacio Arquero, wanda ya riƙe shugabancin Cochiti, ya kare ta da hujjar cewa rawar da kowane baƙo ke iya gani a dandali kawai take zanawa. Wato ma'aunin da aka koma kansa shi ne abin da aka zana, ko na fili ne ko na ɓoye. Wannan ma'auni yana hawa kan namiji kamar yadda yake hawa kan mace. Alex Seowtewa ya fara zana kokko a bangon tsohuwar majami'ar garin a 1970, ya shafe shekaru yana yi tare da 'ya'yansa, kuma bai tsira daga masu ganin bai kamata ba. Namijin da aka shigar ɗakin ibada ya fi kowa ɗaurewa, domin ya san abin da zai iya fallasawa.

Sannan tunanin cewa daraja tana wajen kokko kaɗai, tunanin baƙo ne. A bikin Shalako da ake yi ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, idon baƙo yana kan dogayen halittun nan shida masu tsawon kusan mita uku. 'Yar gari ta san cewa gidajen da za su sauka na mata ne, mata ne suka niƙa masara, suka gasa burodi a tanderun ƙasa kwana da kwanaki, suka ciyar da ɗaruruwan mutane. Mai zanen da ta zana layin tanderu yana hayaƙi, ko lambun nan na mata mai ƙananan fangali murabba'i da ake yi wa bango da ƙasa don ya riƙe ruwan tulu, rabin bikin ta zana, rabin da babu shi ba za a yi ɗaya rabin ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa Zuni ke tsaurarawa. Mai binciken al'adu Matilda Coxe Stevenson ta ɗauki hotunan ibada mutane suna ƙi. A 1923 aka ɗauki fim na Shalako lokacin da ayarin Frederick Webb Hodge ke tonon kufan Hawikku, abin ya haddasa rigima a gari. Yau an hana ɗaukar hoto, zane ko naɗar sauti a wurin ibada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen da aka kwashe musu abin ibada aka kai kantin gwanjo ba sa bukatar wani ya koya musu illar sakaci.

"In ba a zana ba, zai ɓace"

Wannan hujja ce ta gidajen tarihi tun ƙarni na 19, kuma Zuni sun amsa ta a aikace. Ahayu:da gumaka ne na itace da ake sassaƙawa a kai wuraren ibada a bar su rana da ruwa su cinye su, domin ruɓewarsu na cikin aikinsu. Daga 1978 Zuni suka fara bin gidajen tarihi suna karɓo waɗanda aka sace. Smithsonian ta mayar da biyu a 1987, tun kafin dokar mayar da kayan ibada da ƙasusuwan kakanni ta 1990. Da aka dawo da su, wurin ibada aka mayar da su su ci gaba da ruɓewa. Abin da ke raya al'adar shi ne a samu masu sassaƙa sabo kowace shekara. Hoto a bango a birnin New York ba ya yin wannan aiki.

Fentin kanti, taswira da DNA

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke suka: macen da ta bar yumɓu ta koma fentin kanti da kwamfuta, wai ta bar al'ada. Aikin Mallery Quetawki ya isa amsa.

Tana cikin masu zanen da gidan tarihin al'ummar, A:shiwi A:wan, wanda aka kafa a 1992, ya gayyata ƙarƙashin jagorancin Jim Enote su zana taswirar ƙasar Zuni yadda Zuni suka san ta. An samu zane kimanin 30, aka baje kolinsu a 2011 a Flagstaff, daga baya a wasu birane. Yadda aka tsara aikin shi ne abin koyi. Kwamitin dattawa da shugabannin addini ne ke zama da mai zane a tattauna wurin da za a zana, a kai ta ta gani da ido idan ya yiwu, a faɗa mata abin da za a nuna da abin da za a sakaya. Taswirar ba ta ba da lambobin da ɓarawon kayan tarihi zai bi ya isa wurin ibada. Ɗan Zuni da ya san waƙoƙi da addu'o'in hijirar kakanninsa daga kwazazzabon Grand Canyon yana kallo ya gane kowane wuri. Baƙo yana ganin kyakkyawan zane, ya kuma fahimci cewa ƙasar tana da masu ita. Kowa ya samu rabonsa, ba a fasa asirin kowa ba.

Quetawki ta karanta ilimin halittu a Jami'ar New Mexico, daga baya ta zama mai zane a wata cibiyar binciken lafiya ta jami'ar da ke aiki kan gubar ma'adinai. Matsalar gagaruma ce. A ƙasar ƙabilar Navajo, maƙwabtan Zuni, kaɗai akwai ramukan haƙar yuraniyom fiye da 500 da aka yasar, kuma a Yulin 1979 madatsar dagwalon yuraniyom ta fashe a Church Rock kusa da Gallup ta malala cikin kogin Puerco. Mutanen Arlit a Nijar sun san irin wannan gado. A lokacin, masu bincike suna son gwada ko sinadarin zink zai taimaka wa jiki gyara ɓarnar da ƙarafan ke yi wa DNA, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, amma ta yaya za a bayyana wa tsohuwar da ba ta jin Turanci abin da ake neman yardarta a kai? Quetawki ta zana DNA da siffar aikin duwatsun ado, irin wanda kowace mace a yankin ta san yadda yake tsinkewa da yadda ake sake shirya shi. Garkuwar jiki kuma ta nuna ta da dabbobin da al'adun yankin ke ɗauka masu tsaro. Ta ɗauko daga rumbun gargajiya abin da kowa ke da izinin gani, ta yi aikin ceton rai da shi.

Ita ce kuma ta zana hoton da Google ya sa a shafinsa ranar 1 ga Nuwamba 2021 don tunawa da We:wa, gwanin saƙa da ginin tukwane na Zuni wanda ya je Washington a 1886 ya gana da Shugaba Grover Cleveland.

Inda tsadar take

Kasuwa ba ta biyan mai kiyaye iyaka. Mai yawon buɗe ido da ya tsaya a Gallup ko Santa Fe abin mamaki yake nema, kuma zanen kokko ya fi zanen lambu saurin tafiya. A gari irin Zuni, inda gidaje da yawa da aikin hannu suke ci, wannan bambanci kuɗin cefane ne. Ba daidai ba ne a yaba wa mace kan riƙon amana sannan a bar ta da kayanta ba mai saye. Iyakar ma ba a miƙe take ba. A aikin azurfa, maza da mata sun daɗe suna jera duwatsu su fitar da siffofi masu alaƙa da addini, kuma 'yan kasuwa irin su C. G. Wallace sun ƙarfafa hakan saboda abin da masu saye ke so ke nan. Har yau 'yan Zuni ba su da baki ɗaya kan inda ya kamata a tsaya. Muhawara ce tasu, kuma ya kamata muryar mata ta yi ƙarfi a cikinta fiye da yadda take, tunda su ma abin ya shafa.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce maganin matsalar a buɗe komai don kasuwa ta daidaita. An taɓa gwada biyan wannan yunwa, kuma an ga sakamakon. A ƙarshen shekarun 1920 zuwa 1930, masu tara kayan tarihi sun matsa suna neman tukwanen ibada na asiri. Sai ga tukwane suna fitowa daga Zuni ta hannun 'yan kasuwa, masu siffofi na ban mamaki, an tsufar da su da gangan, kowanne da labarin ibadar da wai ake yi da shi. Manyan cibiyoyi a Santa Fe suka saya suka adana da girmamawa. Daga baya aka tabbatar sababbi ne, an yi su ne don mai saye, babu ibadar da aka taɓa yi da su. Shekaru da yawa bayan haka, da aka gayyaci masana 'yan Zuni su bi tarin kayan ɗaya bayan ɗaya, sun yi ta gyara bayanan da aka rubuta ba daidai ba. Mai neman asiri da kuɗi, abin da aka ƙera masa yake samu, a lokacin da tulun ruwa na gaskiya, mai barewa da tsuntsun ruwan sama, yake gefe ana ganinsa kayan girki.

Gyaran yana hannun masu saye da masu baje koli. Gidan tarihin da ke da tulun Zuni ya buɗe wa maginan garin rumbunsa, domin sau da yawa suna iya gane hannun gida kaza daga yadda aka ja layi ko aka cika fili, a mayar wa tulu sunan zuriyarsa. Mai shirya baje koli ya daina raba ɗaki biyu, zanen takarda a ɓangaren fasaha, zanen tulu a ɓangaren kayan gargajiya. Mai saye ya tambayi sunan wadda ta yi, ya tambaya ko a wutar kashin tumaki aka gasa ko a tanderun lantarki, ko fentin na dutse ne ko na kanti. Duka biyun halal ne, makarantar garin ma da tanderun lantarki ta koyar, amma wahalarsu ba ɗaya ba ce kuma bai kamata farashinsu ya zama ɗaya ba.

Doka ta rufe ɓangare ɗaya kawai. Dokar Amurka ta 1990 kan kayan fasahar 'yan asalin ƙasa ta haramta sayar da abu da sunan aikin Zuni idan ba ɗan ƙabilar ne ya yi ba, kuma an gurfanar da dillalan da suka shigo da jabun kayan azurfa daga Filifin. Amma dokar ba ta kare zanen kansa ba. Kamfani na iya kwafar barewar nan mai jan layi ya buga a kofi ko riga, muddin bai ce 'yar Zuni ce ta yi ba, domin dokar haƙƙin mallaka tana ɗaukar tsohon zanen da ba a san mai shi ba a matsayin na kowa. Haka ta faru da mutanen Zia, wata ƙabilar asali ta jihar, waɗanda aka ɗauki alamar ranarsu daga jikin wani tulu aka sa a tutar New Mexico a 1925 ba tare da an tambaye su ba, kuma har yanzu roƙo suke yi a riƙa neman izininsu kafin a yi kasuwanci da ita.